Takardar da Na Ɓoye wa Bulus

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi a Utako, shekarata tara a wurin, ka tashe ni daga barci zan gaya maka awa nawa ne daga Abuja zuwa kowane gari, amma ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

Ana nan oga ya ce zai tura mutum ɗaya Guanzu, can ƙasar Sin, ya raka 'yan kasuwarmu. Har na kai ɗinkin kayan tafiya, sai ya zaɓi Bulus, wanda bai cika shekara biyu da zuwa ba, ni na koya masa kwamfutar ma. Kuma ni aka sa na yanka masa tikitin, awa biyar zuwa Addis Ababa, daga can awa goma da wani abu. Ina bugawa zuciyata na tafasa.

Ba zan ɓoye muku ba, Allah ya yafe mini, takardar da ke ɗauke da adireshin masauki da lambar mai tarbarsa na zare daga fayil ɗinsa na jefa a durowata, don ya je ya yi ta gararamba inda ba ya jin yare. Da kaina na kai shi filin jirgi, ya rungume ni, ya shige.

Na dawo daga sallar la'asar ina cin alale mai manja a teburina, kwamfuta na nuna mini jirginsu a sama, ya yi nisa da Najeriya, sai na ji sanyi a ƙeyata kamar an buɗe firji. Na ɗago, ga Bulus tsaye da rigar sanyin da ya tafi da ita, idonsa a rufe.

Ya ce, "Oga, ka manta ba ka sa mani takarda ba."

 Na jawo durowa na ɗauko takardar na miƙa masa, ya karɓa ya fita. Na bi shi waje da gudu, mai gadi ya rantse tun azahar ba wanda ya shigo sai ni.

Washegari Bulus ya kira daga Guanzu yana ta godiya, wai barci ya kwashe shi a jirgi, ya farka ya ga takardar a hannunsa. "Amma oga, ka ɓata shi da manja, ga yatsanka a jiki."

Har ya dawo bai san komai ba, har tsarabar agogo ya kawo mini, ban iya ɗaurawa ba. Malamai biyu na tambaya, kowanne ya ce in yi istigfari kawai.

Don Allah jama'a, in an ba ɗan'uwanku abin da kuka so wa kanku, ku yi masa fatan alheri ku kama bakinku da hannunku. Ni dai har yau, in jirgi ya wuce ta saman kaina da la'asar, ba na yarda in waiga.