Yarinyar da ke wanke ƙafa irin na Yaya Habu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Roni, Allah Ya jiƙansa. Ilimin halayyar ɗan Adam yake koyarwa a Kazaure, kuma ko a bakin kwanon tuwo ba ya barinmu mu huta.

Yakan ce masana sun rabu. Wasu na cewa a jini hali yake. Wasu na cewa tun goyo da yaye ake gama gina mutum. Wasu kuma sun ce har tsufa ana ta sake shi. Shi dai ya tsaya kan kwaikwayo: abin da yaro ya gani, shi zai yi. Inna, mahaifiyarmu, takan ce, "Kai dai Habu, surutu! Jini ne."

Ya rasu ya bar matarsa da ciki. A Babura ta haifi Hafsatu, can ta tashi cikin dangin uwa, a cikinsu ba wanda ya taɓa zama da Yaya Habu. Uwar kuwa ta rantse mini ba ta taɓa ba ta labarin halinsa ba.

Hutun bana yarinyar ta zo Roni. Da rana tsaka wata ta ɓata mata rai. Ba ta yi kuka ba. Ta katse maganarta a tsakiya, ta ɗauki buta ta koma gindin rumbu, ta wanke ƙafafunta a hankali, sannan ta kife butar. Haka Yaya Habu yake yi in ya yi fushi, har kifewar.

Tun ranar Inna ta daina ce mata Hafsatu, sai Habu. Ta hana a aike ta. A kwanonsa ake zuba mata abinci. Matan gida na bin ta da ido, ko tari ta yi sai a ce, "Shi ne!" Inna ta ce tunda 'ya ta dangin uba ce, ba za ta koma ba, ni ƙaninsa in je in sanar da Babura.

Yaya, da kana nan me za ka ce? Wa ta kwaikwaya? Ina jin haushinka, ka tafi ka bar ni da gardamar da ba tawa ba.

Ina shirin tafiya Hafsatu ta same ni a zaure. Ta ce, "Baffa, in na yi fushi yanzu me zan yi? Tsoron buta nake ji."

Ranar na goya ta a babur na mayar da ita wurin uwarta.

Ban san wanne cikin masanan ya yi gaskiya ba. Na san wani abu nasa ya rage, kuma ban yarda a ɗora wa yarinya shi ba. Inna har yau ba ta amsa gaisuwata. Ta ce sau biyu ke nan ina fitar mata da ɗa daga gida.