Baba Labaran da Sarewar da Saniya Ta Zaɓa

Kafin rana ta ɗaga, Baba Labaran ya riga ya hura gawayi a rumfarsa da ke gefen kasuwar Kankiya. Zai tura ƙarfen liƙi cikin wuta, ya shimfiɗa buhu, ya zauna da almakashinsa yana feɗe gwangwanaye: na madara, na tumatir, na man girki. Abin da wani ya sha ya yar, shi Baba yake wankewa ya daddaƙe, ya fitar da mazurari, ko ludayin awon mai, ko fitilar aci-balbal tun zamanin da ake yayinta. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan yana wannan zama. Bana ya ce ya gaji, ido ya yi rauni, kunne kuwa ya daɗe da yin nauyi. Shi ya sa na ga bai kamata ya naɗe buhunsa shiru ba tare da wani ya ce masa sannu ba.

Matan gari da mazurari suka san shi. Makiyaya kuwa, daga Mawashi har Dudunni, da sarewa suka san shi. Yakan naɗe gwangwani ya yi siriri, ya liƙe shi da dalma, ya huda ramuka shida, sannan ya sassaƙa ɗan icce ya toshe bakin, ya bar wa numfashi 'yar hanya. Ba ya yarda dalma ta kai inda leɓe zai taɓa. Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba a zaɓen sarewa a cikin rumfa.

"Rumfa maƙaryaciya ce," haka yake cewa. "Kwanon da aka ruhe ta da shi shina ƙara ma kowace sarewa murya. Tashi mu je hili, shi ne mai hwaɗin gaskiya."

Sai ya bar kayansa a hannun maƙwabta, ya ja mai saye zuwa bayan kasuwa inda iska ke kaɗawa son ranta. Mutane na yi masa dariya, wai ya bar ciniki ya tafi yawon busa. Shi dai murmushi yake yi.

Daminar bara ce aka ga amfanin wannan doka, kuma mutum biyun da abin ya shafa duk sun ba ni labarin da bakinsu.

Akwai wani makiyayi a gefen ƙauyen Kaikai, sunansa Sodangi. A rugar aka haife shi, a nan kuma aka binne mahaifinsa. Shanunsu sun saba da sarewar gora ta marigayin. Da ita ake tayar da su, da ita ake bi da su ta burtali, wato 'yar hanyar shanu da ke ratsa gonaki. Idan uwar garken, wata farar saniya mai karyayyen ƙaho, ta ji busar, sai ta miƙe hanya, sauran su bi ta a jere. Rannan wani bijimi ya taka sarewar ta dare biyu. Sodangi ya sayi wata ta kanti, mai sheƙi, mai zaƙin murya. A cikin bukka sai ka ce tsuntsu. A fili kuwa, da iska ta taso, sai muryar ta ɗauke. Sau biyu shanu suka watse suka faɗa geron wani manomi, Malam Dawuda, gero kuwa ya fara fid da kai.

Mai unguwa ya yi sulhu, amma ya yanke magana: in aka yi ta uku, ruga za ta tashi.

Ranar kasuwa Sodangi ya durƙusa gaban rumfa, ya kwance ƙyalle, ya ajiye gutsattsarin gora biyu.

"Baffa, ka taimake ni. Ta mahaifina ce."

"Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya tahi kiwo bai dawo ba."

Sodangi ya maimaita da ƙarfi, har mai shayi ya waiwayo. Baba ya ɗauki gorar yana juyawa. Ya san mai ita. Sau da yawa marigayin ya zauna a wannan buhu yana yi masa tsiya, wai gwangwani ba zai taɓa yin muryar gora ba. Baba ya zaro tsinken tsintsiya ya auna tsakanin ramukan, ya zura yatsa ya ji faɗin cikin.

"Kwana ukku," ya ce. "Kuma kada ka zo nan. Ni za ni zo."

A rana ta uku da hantsi ya hau bayan babur zuwa Kaikai, da sarewa uku a aljihun riga. Bai wuce ruga kai tsaye ba. Ƙofar gidan Malam Dawuda ya fara tsayawa ya yi sallama.

"Dawuda, aron kunne na zo."

"Aron mi, Baba?"

"Kunne. Nawa ya mutu. An ce naka shina jin saniya tana tauna tun daga masallaci."

Dawuda bai yi dariya ba, don ransa a ɓace yake. Ya ce shi da aka yi wa ɓarna, shi kuma za a sa aiki? Baba ya ce, "To wa ya hi ka son busar nan ta kai nesa? Geronka ne ko nawa?" Dawuda ya shiga gida ya ɗauko hularsa.

Baba ya tsayar da shi can ƙarshen gonar, ta inda iska ke fitowa, don sai busa ta yi kokawa da iska kafin ta isa gare shi. Ya ce in ya ji, ya ɗaga hula. Shanu suna kiwo a wani fako can gefe. Sodangi kuma yana bakin burtali.

Sarewa ta farko siririya ce. Da Sodangi ya busa, fuskarsa ta saki, don muryarta akwai daɗi.

"Wannan ita ce, Baffa!"

"Dubi hula."

Hula tana kan mai ita. Dawuda ma ƙeyarsa yake sosawa yana kallon sama.

Ta biyu gajera ce, mai tsinin murya. Ana busa ta Dawuda ya cire hula ya kaɗa, har ya toshe kunne ɗaya don tsiya. Amma maruƙa suka zabura, farar saniya kuwa ko kai ba ta ɗaga ba.

"Dawuda ya ji," in ji Baba, "amma ba Dawuda za ka kora ruga ba."

Ta uku mai faɗin ciki ce, hanyar numfashinta matsattsiya, sai an tura iska da ƙarfi take amsawa. Ba ta da kyan gani, tambarin madara ma bai gama gogewa a jikinta ba. Sodangi ya busa sau ɗaya ya yamutsa fuska.

"Baffa, wannan ai zakara ne mai mura."

"Zakaran ya gode. Juya ma iska baya, kada ta yanke maka murya a baki. Ka cika ƙirji. Kuma ka bar busa taka, busa ta tsohonka."

Sodangi ya juya. Ya rufe ido, ya ɗauko busar da mahaifinsa yake yi in za a koma ruga. Baba ba ya jin komai sai wani ɗan zuu a nesa. Don haka bai kalli mai busa ba, bai kalli hula ba, saniyar ya zuba wa ido. Ya gaya mini cewa a lokacin abin da yake tunawa kawai shi ne ba shi da ta huɗu a aljihu.

Farar saniya ta daina tauna. Ta ɗaga kai, ta karkata kunne. Ta yi kuka sau ɗaya, sannan ta taho, sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Suka shiga burtali, gero dama da hagu yana kaɗawa dab da hancinsu, ba wadda ta miƙa wuya. Sodangi yana tafe yana busa, hawaye na bin kuncinsa, bai tsaya sharewa ba.

Dawuda ya iso da hula a hannu yana haki.

"Kai, Sodangi! Ashe shanun naka sun hi ka hankali."

"Sun ji muryar babba ne, Malam."

"To ka riƙe zakaran nan da kyau. In ka bari aka taka shi, ni da kaina za ni kai ƙararka wurin saniyar."

Har aka yi girbi ba a ƙara jin kansu ba. Da aka kwashe amfani, Dawuda da kansa ya aika a kawo shanun su ci kara a gonarsa su bar masa taki, kamar yadda iyayensu suke yi.

Baba Labaran, kai ne ka san cewa abin da ya yi daɗi a inuwa ba lallai ya yi aiki a rana ba. Kai ne ka bar rumfarka ka bi sarewa har inda za ta yi aiki. Kunnenka ya gaza, ba ka ɓoye ba, ka je ka aro na mutumin da ake jin tsoron fushinsa, ka mayar da mai ƙara ya zama mai shaida. Baba, mai mayar da yasasshen gwangwani abin riƙewa a ƙirji, mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa ƙarshe ya fi farko kyau.

Mu kuma masu sana'a, ko tela ne kai ko makaniki, kada ka sallami mutum a bakin rumfa ka ce ka gama. Bi aikinka ka ga yadda ya yi a fili.

Kwanan baya Baba ya kai ziyara Kaikai, aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan Dawuda. Da la'asar sai ga shanu sun ratso burtali a jere, Sodangi a gaba yana busa. Dawuda ya matso kusa da kunnensa ya ɗaga murya.

"Baba, kana jin zakaranka?"

Baba ya girgiza kai yana murmushi, idonsa a kan farar saniya.

"Ban ji ba," ya ce. "Amma ga shi ina gani."