Shuɗin da ke bayana

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na Unguwar Gai ba a wasa da kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take cewa. In na shigo ɗaki sai ta tuna da tukunya a kan wuta. Kowa ya ce al'ada ce. Na ji, amma har na yi gemu ban san ko kunyar ce ko kuwa ba na ranta ba, kuma abin yana cin raina.

A jami'a, aikina na ƙarshe shi ne koya wa kwamfuta gane nisa daga dishi-dishin hoto. Kyamara wuri ɗaya take kafa wa ido. Abin da ke wurin ya fito tas, na bayansa kuwa gwargwadon nisansa gwargwadon dusashewarsa. Hotunan gwaji suka ƙare mini, ga ni da gajen haƙuri, sai na zuba mata nawa na tsakar gida: na walimar sauka, na ranar da na gama sakandare a Rano, na ranar da Baba ya sayo shanun noma.

A kowanne sai ta zana wani abu tsaye a bayana, nisansa kamar daga turmi zuwa bakin madafa. Na ɗauka kuskure ne. Na goge, na sake, na zagi kwamfutar son raina. Daga baya na lura da launin: shuɗin mayafin Inna ne.

Zama ya gagare ni. Na hau motar Kibiya zuwa gida ko jaka ban ɗauka ba.

"Inna, hoto nake so mu yi."

Inna ta dubi ƙanwata, ba ni ba. "Gaya wa wancan ya je ya ci abinci."

Sai na ja kujera tsakar gida, na ba madafa baya kamar kullum. Na miƙa wa ƙanwata waya, na raɗa mata cewa in Inna ta fito, fuskar Inna za ta taɓa a gilashin wayar don kyamara ta kafa mata ido, ba tawa ba. Na zauna ina jira. Can na ji takun silifas, ya zo ya tsaya.

Hoton yana nan. Ni ne dishi-dishin, wani baƙin dunƙule a gefe. Ita ta fito tas, ludayi a hannu, ta zuba wa ƙeyata ido, kallon da ban taɓa samu ta gaba ba.