Ranar da Na Bar Gonar Baba Tsoho

Wata Asabar ce da hantsi, shekarar da na shiga aji huɗu, lokacin Jihar Kebbi tana sabuwa, na sauka daga mota a Argungu rungume da bindigar roba. Mahaifina ne ya sayo mini ita a wurin masu gwanjo a Birnin Kebbi. Shuɗiya ce da ta soma koɗewa, tana da hannu a ƙarƙashin baki wanda ake ja baya a turo gaba, ta yi ƙaras, sannan ta tofo harsashin soso. Harsasai uku ta zo da su. A gidanmu na Gwadangaji har kwana nake yi da ita.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, yana zaune a zaure yana ɗinkin taru, ƙafarsa ta hagu a kumbure saboda kurkunu. Abokin wasana ne tun ina rarrafe, kullum muna rigima a kan wane ne mijin Inna Tumba, kakata. Ya juya bindigar yana dariya, ya ce, "To ga soja ya iso. Gobe sai ka tsare muna shinkahwa, mu ga ko ka isa ƙwace mani mata."

Shinkafar tasa tana fadama, ta fitar da kai, ƙwayar tana ruwan nono, daidai lokacin da tsuntsayen jan-baki ke saukowa kamar hadari. An kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gonar, an ja igiyoyi zuwa kowane gefe, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Aikin mai tsaro ya zauna a sama tun safe, yana jan igiya yana ihu, yana jifa da majajjawa. Kwana biyu na yi shi da gaskiya, da gorar fura a gefena, har muryata ta dishe.

A rana ta uku yaran gonakin maƙwabta suka gano abin da nake riƙe da shi. Muka soma harbin gwangwani daga kan rumfa, harsashi ɗaya ya faɗa cikin ruwa ya ɓace. Sai wani ya ce mu koma tudu inda ƙasa ta bushe. Na sauko na bi su. Muka raba runduna, muna ɓuya a bayan giginya, kowa yana roƙona ya ɗana sau ɗaya, ni kuwa ina jin kaina sarki. Sauran yaran sun bar ƙannensu a kan rumfuna. Ni ban bar kowa ba.

Da la'asar na dawo na tarar da gonar ta yi baƙi da tsuntsaye tana motsi. Na ja igiya, na yi ihu, na harba sauran soson biyu cikin garken ina kuka. Suka tashi don kansu bayan sun ƙoshi.

Washegari Baba Tsoho ya dogara sanda ya ja ƙafarsa har fadama. Ya tsinko kan shinkafa ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hura, babu abin da ya rage. Na tsaya ina jiran duka. Bai ko ɗaga murya ba, sai ya ce, "Mu tahi gida, Umaru." Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Abin da aka yanka bai kai su ko tsakiyar rani ba. Inna Tumba ta koma surfe a gidajen mutane, shi kuma ya sayar da kwalekwalensa. Idan na zo hutu yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka, amma wasan nan bai sake dawowa ba. Ya rasu ina aji shida, ban iya buɗe baki na ba shi haƙuri ba.

Yanzu fadamar ta cika da injinan ban ruwa, ana noma ta rani da damina, kuma 'ya'yana suna da kayan wasan da ba su san adadinsu ba. Idan suka yi ɓarna nakan yi musu faɗa sosai, sannan in jawo su jikina kafin rana ta faɗi. Na san nauyin laifin da ba a yi wa yaro faɗa a kansa ba.