Fuensanta a Bayan Labulen Silima

A garinmu na Andalusiya, idan mace ta sa baƙaƙen kayan makoki ta yi sallama da waƙa. Ba biki, ba rediyo, silima kuwa ko ƙofarta. Gwaggona Fuensanta, mai wankau, ta sa baƙi don mijinta tana da ƙuruciya. Kafin ta cire baƙin, uwarta ta rasu, sai ƙaninta. Haka shekaru suka yi ta cin ta. Ita kuwa da, in tana waƙa a bakin rafi, har masu jakuna tsayawa suke.

Yayar mijin, Casilda, tana gidan da ke manne da nata, ta kafa mata ido. Ni dai ban taɓa son matar nan ba. Kalma ɗaya daga bakinta, masu kawo wanki sun watse.

To, silimar bazara a fili take, kowa da kujerarsa daga gida, kuma farin labulen da ake haska fim ya ba soron Gwaggo baya. Hoton yana ratsa ƙyallen. Rana na faɗuwa sai Gwaggo ta hau saman soron da sunan shanya, ta lafe tsakanin zannuwa. Ta ga 'yan mata masu fure a ka, ta haddace waƙoƙin rabuwa kaf, ba ta taɓa rera ko ɗaya a fili ba. Abin yana ba ni tausayi har yau.

Da makokin ya ƙare, kanta ya yi furfura. Muka kai ta silima ta ƙofar gaba, har da Casilda, wai rakiya. Tsohon fim aka maimaita. Makaɗin jita na fitowa Gwaggo ta miƙe.

"Kai, Eulogio!" ta ƙwala wa mai injin. "Ka juya fim ɗin! Wannan ai bahago ne!"

"Bahago? A ina kika taɓa ganinsa, Inna?"

Ta bayan labule komai a juye yake, kuma kowa ya gane. Gwaggo ta zauna a hankali, tana satar kallon Casilda.

Casilda ba ta daina fifita ba.

"Ka ji abin da aka ce maka, sakarai," in ji ta. "Bahago ne. Daga tagata ma da hagu yake kaɗawa."