Hannun Mma a Gindin Hoto

A gidanmu na Aboabo, da an idar da magariba Kaka Lami ke hawa kujerarta kusa da kurfoti, murhunmu na gawayi, mu kuma mu zube a tabarma. Kaka ba ta da haƙuri ko kaɗan. Wanda ya yi tari a tsakiyar tatsuniya sai ya sha harara, wanda ya yi gyangyaɗi kuma gobe shi zai maimaita. Mma, mahaifiyarmu, ita ke fifita wuta. Da yake suruka ce, ba ta taɓa zama daidai da Kaka ba. Kullum a ƙasa take, can gindin kujera, kai a sunkuye.

Wata rana mutanen talabijin suka zo ɗaukar tatsuniyar Kaka don shirinsu na Hausa. Mai kyamara, wani Ba'asante mai gumi, ya leƙa akwatinsa ya ce Mma ta yi ƙasa da yawa, a ba ta kujera.

Mma ta girgiza kai. Ni kuwa na saci kallon Kaka, don na san halinta.

"Maame," in ji mutumin ga Kaka, da Hausarsa ta kasuwa, "in bai tashi ba, ba zai fita cikin hoto ba sam, koraa."

Kaka ta ce, "Ba za ta tashi ba, ɗana, kunya ce. Kuma in babu ita, bakina a rufe yake. Kai ka sauke akwatinka."

Ya yi gunaguni da Turanci, amma ya sauke. Sai Kaka ta gyara murya: "Ga ta nan tafe, ku matsa mata."

Ta ba da labarin wata masaƙiya da ta saƙa wa garinsu zane, ta sa kowa a ciki: gajimare a sama, sarki da fadawa a tsakiya, masu niƙa da masu hura wuta a ƙasa. Sarki ya so rataya shi a bangon zaurensa, bangon kuwa faɗi gare shi, ba tsayi. Ya sa aka datse sama da ƙasa, zane ya zauna ɗas. Gari na wayewa babu hadari a sama, babu hayaƙi a ko wane gida. "Sarki ya zauna da rawaninsa," in ji Kaka, "yana ta kiran tuwo, babu mai amsawa." Muka yi ta dariyar sarki.

Mma ta rasu Hawa ƙanwata tana goye. 'Yan hotunanta kuma ruwan da ya shiga ɗakinmu wata damina ya cinye su. Hawa ta girma ba ta san fuskar uwarta ba, sai abin da muke kwatanta mata, kuma kowa da nasa kwatancen.

Bara aka yi sanarwa cewa an wanke tsofaffin shirye-shirye, za a maimaita su tangaran a sabon allo mai faɗi. Na kira Hawa a gidanta na Krofrom. "Zo ranar Asabar, za ki ga Mma."

Ta zo da 'ya'yanta, har da sabon mayafi kamar mai zuwa gaisuwa. Muka zauna gaban allo. Kaka ta bayyana, ta cika allon daga gefe zuwa gefe, har zanen goshinta ana ƙirgawa. Ban taɓa ganin hoto mai kyau haka ba. Amma saman ɗankwalinta babu, kurfoti babu, tabarma babu. Tsohon hoton kusan murabba'i ne, don ya cika faɗin allo sai suka yanke sama da ƙasa.

"Yaya, ina take?"

Na ce ta jira, wataƙila kyamara za ta sauka. Na san ba za ta sauka ba. Kaka na ta ba da labarin zane, Hawa ta kafe gindin allo da ido. Can wajen da sarki ke kiran tuwo, sai wani hannu ya ɗago daga ƙasa riƙe da mafici, da lalle a yatsu, ya sake nutsewa.

"Nata ne?"

"Nata ne."

Hawa ba ta yi kuka ba. Ta dai juya hannunta tana dubawa.

Na je gidan talabijin ɗin. Wani saurayi mai ladabi ya ce mutane ba sa son ganin baƙin layi a gefen allo, gani suke an rage musu hoto. Ya ce zai nemi tsohon kaset, in yana nan. Har yau ina jira, kuma ina jin haushi, ba zan ɓoye ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar wautar sarki ce kawai. Yanzu na gane Kaka ta san wa ake fara datsewa in wuri ya ƙi isa, shi ya sa ta hana bakinta buɗewa sai da aka sauke akwati. Hawa ta ɗauki hoton hannun nan a wayarta daga allo. Duk wanda ya tambaye ta hoton wane ne, sai ta ce, "Mma ce, tana fifita wuta."