Gwarzon Dole

Daga inda take suyar awara a bakin wata firamare a garin Ƙofa, Kande na kallon sabon malamin: shadda ta sha guga, hula a karkace, tsumagiya a hannu. Wai kwas ya je Kano, na koya wa yara yarda da kansu. Da ganinsa, shi ma bulala ce ta raine shi.

Ga shi tsaye a kan ɗanta Mujitaba.

"Ɗaga kai, dolo! Ce, ni gwarzo ne!"

"Ni gwarzo ne," in ji yaron ƙasa-ƙasa.

"Da ƙarfi, ko in zane ka!"

Kande ta ɗaga murya: "Sannu da aiki, Malam! A ba gwarzon izini ya je ya sake wando, ya jiƙa wannan."